Sunan da Na Kira a Dajin Larci

Sun sare larcin duka. Da wani ne ya zo ya ba ni labari da na ce ya ƙara gishiri, to amma gani ya kori ji. Jikata ce ta ɗauko ni daga Birmingham muka je suna a Manchester, da aka watse na ce mata ta daure ta kai ni wani tudu da ke arewa da gari in gaisa da tsofaffin abokan zama. Ita ta zaci mutane nake nufi, har tana tambaya ko za mu tsaya mu sayi tsaraba. Da muka isa bakin hanyar dajin na sa ta tsaya, na sauke gilashi, na daɗe ina kallo ban gane wurin ba. Inda na san duhu sai ga sarari, kututture a jere har iyakar ganina, rassa an tara su tsibi-tsibi suna ruɓewa, tayoyin manyan motoci sun kwaɓe ƙasar. Yarinyar ta fita ta karanta allon da aka kafa a bakin shiga ta dawo.

"Kaka, wai disease ne ya kama su," ta ce. "Dole a yi cutting ɗinsu duka kafin ya yi spreading. Are you okay?"

Na ce mata lafiya lau, ta rufe ƙofa sanyi na shigowa. Amma gabana faɗuwa yake yi, irin faɗuwar da ya taɓa yi a daidai wurin nan tun ina da ƙuruciya.

Itace iri biyu aka dasa a tudun, fayin da larci. Haka masu ƙasar ke kiran su, mu ba mu da su balle mu raɗa musu suna. Dukansu ganyensu siriri ne kamar allura. Fayin ba ya rabuwa da nasa ganyen, ko ƙanƙara na zuba yana nan kore shar. Larci kuwa da sanyi ya kunno kai sai ya koma ruwan ɗorawa, ya kakkaɓe komai ya tsaya tsirara, wanda bai sani ba ya rantse ya mutu, sai sanyi ya wuce ya sake toho. A gauraye aka dasa su, layi uku na wannan, layi uku na wancan, daga gindin tudu har ƙoli. Yanzu da aka ɗebe larcin, fayin ya rage shi kaɗai tsiri-tsiri, iska na ratsa shi yadda ta ga dama, har na hango wasu sun kife saiwarsu a sama. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarar wurin ma ta sake. A da in iska ta taso a dajin nan wani sauti mai kauri take yi, kamar mata na shiƙar hatsi a bayan gari. Ranar da muka je fito kawai take yi a tsakanin kututture.

Marigayi maigidana ne ya haɗa ni da waɗannan itatuwa. Ina amarya aka ba shi gurbin ƙaro karatu a kan gandun daji, ya taho da ni, muka sauka a wani ɗan ɗaki a unguwar Hulme a Manchester, hawa na sama, bangonsa kullum yana gumi. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar gidan: bututun ruwan zafi yana ƙwanƙwasa kansa da asuba, kiɗan maƙwabcinmu yana ratso bango, motar madara tana wucewa kwalabe na kaɗawa. Aikina bai wuce wanki a baho, shanya a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, da shiga bas zuwa Cheetham Hill nemo naman halal ba. Tuwo kuwa da garin semo nake tuƙa shi, in kaɗa kukar da aka aiko mana daga gida, ina tsimin ta kamar turare. Yanzu 'ya'yan nan waya suke latsawa a kawo musu daddawa har ƙofa, su kuma ce wai sun gaji. Mu a lokacin in ka ji wani yana Hausa a bas, sai ka bi shi har inda zai sauka, ko ba nan za ka ba.

'Yan uwanmu ɗalibai ba su bar shi ya sha ruwa ba. In an taru a ɗakinmu ranar Lahadi sai su tasa shi gaba, wai kowa ya zo neman likitanci da injiniyanci, shi ya tsallako teku don itacen da ba ya 'ya'ya, akuya ba ta cin ganyensa, inuwarsa ma ba ta zaman hira ba ce. Sarkin Daji suka laƙaba masa. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da cin tuwonsa, don ba mai yawan magana ba ne, sai fa in an taɓo itace. Abin da yake son ya gane shi ne, in an haɗa fayin da larci a gona ɗaya tun suna ƙanana, shin sun fi girma da ba da katako, ko kuwa gara kowa ya zauna a gonarsa. Yakan ce larci ɗan gaggawa ne, shi ke fara miƙewa ya tare wa fayin iska, ganyen da yake zubarwa ya ruɓe ya zama taki, da sanyi kuma da ya tuɓe sai haske ya samu hanyar sauka. Amma in aka yi sakaci ba a rage shi a kan kari ba, sai ya haye kan fayin ya danne shi. In ce masa ai wannan ko ni na sani, haka ake rage gero bayan ya tsiro, ba sai an shiga jirgi ba. Ya ce to ai shi ya sa ya taho da ni.

Da gaske kuwa ya mai da ni 'yar aiki. Awo da sanyi ake yin sa, lokacin da itace ya tsaya da girma, don haka duk ƙarshen mako na hunturu a dajin nan muke yin sa, cikin wata tsohuwar mota da sai an lallaɓa ta take tashi. Ya kafa turaku masu jan fenti a wuraren da ya keɓe. Shi zai zagaya igiyar awo a jikin itace daidai ƙirjinsa, ni in riƙe masa doguwar sandar da ake gwada tsawo, in ya karɓe ta in ja da baya in gaya masa ko kanta ya yi daidai da kan itacen. Nakan ce masa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wannan ai ko daga nan na ga ya fi na bara. Ya ce malamansa ba sa karɓar ido. Dajin a lokacin yaro ne, tsawonsa bai wuce gidan sama ba, amma rassa sun riga sun haɗe. Wanda bai taɓa shiga irinsa ba ba zai gane ba. A layin fayin ko da rana tsaka duhu ne, busassun rassan ƙasa suna neman idonka, sai ka sunkuya ko ka yi rarrafe. Ga kuma ramukan da aka haƙa don janye ruwa kafin a yi dashe, masu zurfi, ganye da gansakuka sun rufe bakinsu. Mutum na iya tsayawa kusa da kai ƙwarai ba ka gan shi ba, in ya yi magana kuma itatuwan su shanye muryar.

Duk tsawon wannan zama ban taɓa kama sunansa ba. Malam nake ce masa, a ɗaki da waje. Haka muka taso. Kakata da ta raine ni takan ce sunan miji ba goro ba ne da mace za ta riƙa tauna shi a bainar jama'a, kuma ni ban taɓa jin ta ambaci na kakanmu ba har ta koma ga Allah. Ba tsoro ba ne, ba kuma dole aka yi mana ba. Wani nauyi ne da ke zaune a kan harshe, ko ka so ɗaga shi ba ya ɗaguwa. In na je wurin likita aka tambaye ni sunan mijina, sai in lalubo kati in nuna da yatsa, matar da ke rubuta suna ta dube ni kamar marar wayo. Shi kuma ɗan fari ne a ɗakinsu, don haka mahaifiyarsa ma ba ta taɓa faɗar sunan ba, "yaron nan" take cewa har ya yi gemu. Ƙannensa Yaya suke ce masa, Turawa kuma da sunan mahaifinsa suke kiran sa, shi ma a karkace. Sunan nasa na yanka sai ya zama kamar kayan da aka adana a ƙasan akwati. Yau jikata daga saman bene take ƙwala wa mijinta kira da sunansa gatsal, ya amsa yana dariya, kuma zamansu lafiya lau. Ban ce namu ne daidai ba, amma har yanzu in na ji sai tsigar jikina ta tashi.

Hunturun da abin ya faru ina da tsohon ciki, na fari. Ya ce in zauna a gida, na ce ko kusa, bangon ɗakin nan ya ishe ni kallo. Muka yi yarjejeniya zan bi shi amma ba zan fita daga mota ba. Ya ajiye motar a bakin hanyar dajin, ya bar mini shayi a fulas da bargo. Babbar rigar sanyinsa ma ya tuɓe ya ajiye a kujera, wai rassa na kama ta tana hana shi sauri. Na ce ya sa abarsa, ya ce turaku kaɗan suka rage, kafin la'asar ya fito. A ƙasar nan kuwa da hunturu azahar da la'asar da magariba a gurguje suke zuwa, kana sallame wannan waccan ta shigo. Ya ɗauki sandarsa ya shige layin larci, ina kallon bayansa har ya ɓace.

Na yi azahar a zaune. Na sha shayi, na ɗan yi gyangyaɗi. Da na farka sai na ga kan tudun babu shi, hazo ya sauko ya rufe, yana gangarowa a hankali. Na yi la'asar ina sallamewa ina waige. Na ce yanzu zai ɓullo yana kakkaɓe hula yana ba ni haƙuri, har na shirya faɗan da zan yi masa. Shiru. Iska ta taso, yayyafi mai sanyi ya fara bugun gilashi, idona ya sauka kan rigar nan da ke kujera. Na miƙa hannu na danna odar mota, na saurara, na sake dannawa na daɗe ban ɗaga ba. Ba abin da ya dawo mini sai ƙarar iska a cikin fayin. Na fito na tsaya a bakin layin da ya shiga na ce, "Malam." Muryar da nake kiran sa da ita in abinci ya sauka, ita ce ta fito, don ba ni da wata. A gidanmu mace ba ta ɗaga murya, ban ma san iya inda tawa take kaiwa ba. Ko itacen da ke gabana ban jin ya ji ni.

Ban iya tuƙi ba, wayar hannu kuwa ba a san ta ba a lokacin. A can gangare akwai wani gidan gona da muke wucewa, na sha ganin hayaƙi na fita ta rufinsa. Na ɗauki rigarsa na rungume na kama hanya, ina tafe ina riƙe da ƙasan cikina, takalmina na zamewa a laka. Ina so in yi gudu, nauyi ya hana. Duk addu'ar da na sani na karanta, wasu na fara su ban kai ƙarshe ba na koma wata. Wata mata ce ta buɗe mini, dattijuwa mai kiwon tumaki, hannunta duk garin fulawa. Ta dubi fuskata, ta dubi cikina, ta dubi rigar, ba ta bari na gama harhaɗa Turancina ba ta juya ta ɗauki wayar gida. Na ji tana kwatanta wurin. Da ta ajiye ta gaya mini gaskiya ba ta ɓoye ba: masu ceto za su zo, amma daga nesa suke, duhu zai riga su. Mutumin da ya jiƙe a tudun nan ba riga, in ya kwanta, sanyi ba ya jiran kowa. Ta ce in zauna bakin murhu ita za ta hau. Na girgiza kai. Ta ɗauko fitila ta ba ni takalmin roba, muka shiga motar gonarta.

A hanya ta tambaye ni da Turanci, a tausashe, "Yaya sunansa, 'yar nan? Sai mun yi ta kira."

Na buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Mijina na can kwance ban san halin da yake ciki ba, amma wallahi harshena ya ƙi. Na ce mata, "Malam." Ta maimaita har ta iya, ita a ganinta sunansa ke nan.

Da muka isa hasken rana saura kaɗan. Na nuna mata mu bi layin larci, don nan ne kawai ake iya gani. Rassansa ba ganye, ɗan hasken da ya rage yana saukowa, ganyen da ya zubar kuma ya shimfiɗu a ƙasa rawaya, kamar an zana hanya. Ta ɗauki layi ɗaya na ɗauki na kusa da shi, fayin ya shiga tsakaninmu, nan take na daina ganin ta, sai ɗan walƙiyar fitilarta jefi-jefi. Muryarta ta saba kiran tumaki daga wani tudu zuwa wani, tana ta "Malam, Malam," ni ma ina yi iya ƙarfina. Mu kira, mu tsaya, mu saurara. Na wuce turke mai jan fenti, na wuce wani. Rassa sun fizge mini ɗankwali ban tsaya ɗauka ba, wani ya yage ni a kumatu ban ji zafi ba sai ɗumin jini. Abin da ke cikina ya dunƙule wuri ɗaya, marata ta ɗaure, na jingina da itace har ta sake ni na ci gaba. Ina hawa ina tunanin yadda za a kai labari gida, wa zai gaya wa mahaifiyarsa, da wane baki zan ce ina zaune a mota ina shan shayi.

A wajen wani turke ƙafata ta taka sandar awonsa. Tana yashe a ƙasa, rabinta a layin larci, rabinta ta shige ƙarƙashin fayin. Mutumin da ko jingine ta ba ya yi sai ya duba wuri. Na durƙusa na leƙa inda sandar ta nuna, baƙi ƙirin, ba na ganin ko tafin hannuna. Na kira Malam, na sake kira, na kasa kunne har ina jin bugun zuciyata. Ba amsa. Matar ta ratso ta same ni, ta haska ciki, hasken bai wuce rassan farko ba. Muka yi gaba, muka dawo, muka yi gefe, duk inda muka haska itace ne iri ɗaya. Rawayar da ke ƙasa ta fara komawa toka, ina kallo hanyar tana ɓacewa a ƙarƙashin ƙafata. Sai matar ta kama hannuna.

"Dole mu fita yanzu," ta ce. "In duhu ya rufe mu a nan, mutum uku za a nema, har da wanda ke cikinki. Mu jira su a hanya."

Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce. Na kuma san in na juya baya na fita, gawa za a fito mini da ita. Tana ja na ina turjewa. Na dubi duhun nan, na ji wani abu ya taso mini, haushi ne ko tsoro ban sani ba, haushin kaina da na dajin da na duk wanda ya koya mini yin shiru. Na fizge hannuna na juya na fuskanci fayin.

Na kira shi da sunansa, wanda aka raɗa masa ranar da aka yanka ragonsa. Na farko a shaƙe ya fito, kamar ba da bakina ba. Na cika ƙirjina na sake, da wata murya da ban san ina da ita ba, na ja ƙarshensa har maƙogwarona ya yi zafi. Ba zan rubuta sunan a nan ba, wanda ya san shi ya san shi. Matar ta tsaya tana kallona, ta ga dai wannan ba abin da muke ta kira ba ne.

Sai muka ji, can ƙasa-ƙasa, daga wajen hagu, "Na'am."

Irin amsawar yaron da aka tasa daga barci. Na sake kira, ya sake amsawa, muka bi muryar da rarrafe, ni da cikina, rassa na karce mana baya. Yana cikin ramin ruwa a tsakiyar layin fayin, wurin da muka wuce ta gefensa ba sau ɗaya ba. Ya ratsa ne don ya yanke hanya zuwa turke na gaba, bakin ramin ya rufta da shi, ƙafarsa ta karye a ƙasan gwiwa. Ya ja jikinsa ya fitar da ƙirjinsa daga ruwan, sauran ya gagara. Leɓɓansa sun canza launi, ko rawar sanyi ya daina yi, matar ta ce wannan ne abin tsoron. Muka ja shi waje da ƙyar, na lulluɓa masa rigarsa, ta tuɓe tata ta ƙara, na zauna na ɗora kansa a cinyata ina murza masa hannu. Ta ce kada in bari ya yi barci ko da me zan yi. Na yi ta yi masa faɗan da na shirya tun a mota, har da wanda ban shirya ba, ita kuma ta koma bakin layi tana kaɗa fitila har muka ji muryoyin masu ceto.

Sai da ya kwana biyu a asibiti bakinsa ya dawo daidai. Na kawo masa kunu a fulas, ina zubawa kaina a ƙasa, don tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba. Ya ce tun farko yana jin mu. Yana jin odar mota, yana jin ana Malam, Malam, yana kuma amsawa, ashe a zuciyarsa kawai yake amsawar. Wani barci mai daɗi ne yake jan sa, ya daina jin sanyi, ya daina jin ƙafar, kiran yana ta nisa kamar ana yi da wani malamin a wata unguwa.

"Sai na ji sunana," ya ce. "Da muryar mace, da Hausa, a dajin Turawa. Abin da ko Inna ba ta taɓa yi ba. Na zabura na ce yau wace marar kunya ce wannan?"

Na ce ya sha kununsa kafin ya huce. Ya yi dariya har ƙafar ta amsa, ni kuwa na juya baya ina hawaye, na kunya da na godiya a haɗe. Bai sake tayar da maganar ba, ko a gaban yara, ni ma na koma Malam ɗina kamar ba a yi ba. 'Yar da ke cikina a ranar ita ce uwar wannan jikar tawa. Ya gama karatunsa da ɗan ɗingishi, aiki ya kawo mu Birmingham, muka ce shekara kaɗan za mu yi mu koma gida, har furfura ta riske mu a nan. Lokaci-lokaci yakan ɗauke mu mu je tudun, ya tsaya a hanya yana nuna wa yara wanda ya fi wani tsawo, su kuwa suna ƙorafin sanyi da Turanci.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Da hantsi ne, a asibiti a nan Birmingham, yara sun kewaye gadon. Tun da safe ya yi kalmar shahada da bakinsa, daga nan ya yi shiru, numfashin yana ta nisa. Likitar ta ce mu yi masa magana, mai yiwuwa yana ji. Yara suna ta Baba, Baba, jikoki suna kiran sa da nasu sunan, bai motsa ba. Na dube shi na ga irin barcin nan ne yake jan sa, na san shi, na taɓa ganin sa. Na ce su ba ni wuri. Babbar 'yata ta dube ni da mamaki, ta tattara su suka fita ta ja labule. Na san rai na Allah ne, na san ba rami ba ne wannan, amma zuciya ba ta jin karatu. Na riƙe hannunsa, na sunkuya daidai kunnensa, na kira shi da sunansa, karo na biyu a zamanmu. Na jira. Na sake kira da ƙarfi, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Na daɗe a sunkuye ina saurare, bai ce na'am ba.